Barewar da Aka Binne a Gindin Gaf

Ana kiran magariba a unguwar International City ta Dubai, Zaituna tana tuƙa tuwon shinkafa, sai ta ji wani abu ya bugi gilashin baranda. Ta ɗauka tsakuwa ce. Aka sake jefowa, sau biyu, sau uku, a hankali, kamar mai jifan ba ya sauri. Gidansu kuwa a hawa na huɗu yake, kuma babu komai a gabansa sai filin ajiye motoci.

Ta leƙa. 'Yarta Bilqis, mai shekara goma sha ɗaya, tana tsugune a gaban farantan shuka uku na mahaifinta, butar ban-ruwa ta kife a gefe. Ba tsakuwa ba ce a ƙasa. Ƙananan baƙaƙen ƙwallaye ne, Zaituna ta ɗauki ɗaya ta ji da ɗumi, da warin garke.

"Bilqis, tashi ki shigo, magariba ta yi."

Yarinyar ta juyo. Koren ganye ne cike da bakinta, tana taunawa gefe da gefe.

Mai farantan, Injiniya Ɗalhatu, masanin noma ne a gonar wani attajiri can cikin hamada, hanyar Al Ain. Aikinsa shuka ciyawar barsim domin bareyin da ke yawo a gonar, su samu kiwo lokacin sanyi. Mutum ne da ya san aikinsa, kuma ya fi kowa sanin cewa ya sani. Iri uku yake gwadawa a baranda kafin ya zaɓi na sabon fili: Miskawi mai jure yanka sau da yawa, Fahal mai girbi ɗaya, da Shaftal mai laushi da ƙamshi. Ƙasar farantan daga gona ya ɗebo ta, daga gindin wata tsohuwar bishiyar gaf mai kama da ƙiryarmu. Ya ce ƙasar wurin ta fi baƙi. Bai faɗi abin da ya baƙanta ta ba.

Da ya dawo ya ga ƙwallayen, fuskarsa ta canza, domin ya san kashin barewa ko a duhu. Duk da haka ya ce iska ce ta kwaso.

Kwana uku cikin Bilqis yana kumbura ta ɓangaren hagu. In an ƙwanƙwasa sai ya yi ƙara kamar ganga. A asibiti aka yi hoto, aka ɗebi jini, likita ya ce bai ga komai ba. Da rana tana kwance shiru. Rana na faɗuwa sai jifan ya dawo, a ji takun ƙananan kofato a kan tayil, daga falo zuwa ƙofar ɗakinta, su tsaya. Zaituna ta daina barci, ta daina girki, tsoro ya ramar da ita.

"Abban Bilqis, ka san wani abu," ta ce a rana ta uku. "Tun ranar ba ka iya kallon cikin yarinyar nan ba."

Ya yi mata tsawa. Ita kuwa ta ɗauki waya ta kira Malam Illa, wani dattijo mutumin Maraɗi mai shagon yadi a Bur Dubai, wanda aka sani da ruƙiyya.

Malam ya iso bayan la'asar sakaliya. Bai zauna ba sai da ya tsaya a baranda ya daɗe yana duban farantan. Sannan ya sa aka kwantar da yarinyar a falo, uwarta ta riƙe ta, ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Hasken taga yana ja yana dusashewa. Yana cikin ayoyin ƙarshen Baƙara sai Bilqis ta miƙe zaune, da wannan cikin da ko juyawa ba ya barinta.

Muryar da ta fito ta tsohuwa ce, busasshiya.

"Ka daina ƙona ni, dattijo. Ba ni na fara ba."

"Wace ce ke?"

"Makiyayiya. Ina kiwo a gindin gaf tun ba a kafa tubali ɗaya a garin nan ba. Tambayi wancan da ya maƙale a bango ina barewata mai tsagaggen kunne."

Malam ya juya. "Injiniya, ana magana da kai."

Ɗalhatu ya ce bai san zancen ba. Yarinyar ta yi wata dariya, cikinta ya ƙara tashi har rigar ta ɗame, numfashinta ya koma guntu-guntu. Zaituna ta saki ihu.

Sai Ɗalhatu ya faɗa, yana kallon tayil. Duk mai wannan aiki ya san ba a sakin dabbar da ta kwana da yunwa cikin ɗanyen barsim mai raɓa, balle Shaftal. Sai an fara ba ta busasshiyar ciyawa, an jira rana ta shanye raɓar, in ba haka ba ciki ya kumbura ya toshe numfashi. Amma a ranar, arbab, wato mai gonar, yana da baƙi masu son ɗaukar hoto da sassafe. Ɗalhatu ya hana bareyin abinci tun daren da ya gabata don su rugo da gudu, ya buɗe shinge da asuba. Hoto ya yi kyau. Kafin azahar wata uwa ta faɗi. Ya binne ta a gindin gaf, ya rubuta cewa ta tsallake shinge ta ɓata. 'Yar barewar kuma ya kai wa yaran arbab a keji, aka yi ta yi masa godiya.

"Sannan ya ɗebi ƙasar kabarinta ya kawo gida yana shuka a ciki," in ji muryar. "Ciki a bakin ciki nake so. Tawa ta mutu tana shure-shure, tasa ma haka."

"Ƙarya kike, ba za ki samu ba," Malam ya ce, bai ɗaga murya ba. "An zalunce ki, na yarda. Amma yarinyar nan ba ta buɗe shinge ba. Ki ji tsoron Allah. In kin ƙi, ni da ke ne har asuba, kuma ni ba na gajiya."

Ya ci gaba da karatu. Ta yi kururuwa, ta zage shi, ta zagi Ɗalhatu har kakanninsa. Da ƙyar ta sauko.

"A mayar mini da ƙasata. A sako 'yar. Kuma ya faɗa wa mai gonar da bakinsa."

"Malam, in na faɗa, aikina ya tafi," Ɗalhatu ya ce. "Biza, makarantar yarinya, komai."

Zaituna ta dube shi, duban da bai taɓa gani a fuskarta ba. "Har lissafi kake yi?"

"Bon," Malam ya ce da Faransancin mutanen Maraɗi. "Ya ji. Gobe kafin magariba. Ke kuma ki fita yanzu, ta yatsan ƙafa, kada ki bar mata komai."

Babban yatsan ƙafar hagu ya yi karkarwa, ya tsaya. Bilqis ta yi wata doguwar gyatsa mai warin ɗanyen ganye, ta faɗi jikin uwarta tana kuka da muryarta ta yara.

Washegari Ɗalhatu ya faɗa wa arbab. Mutumin ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Khalas," wato shi ke nan, ya karɓi makullan mota, ya sallame shi. Direban gona ne ya kai shi gindin gaf da buhun ƙasa da keji. Da aka buɗe, 'yar barewar ta ruga cikin rairayi inda babu kowa, ta tsaya cak, ta sunkuyar da kai kamar ana shafa ta.

Jifa bai sake dawowa ba. Cikin Bilqis ya saɓe, ta koma cin abinci, tana dariya da uwarta suna ɗaure akwatunan komawa Kano. A daren ƙarshe Ɗalhatu ya sayo mata shawarmar da ta fi so, ya miƙa mata. Ta dubi hannunsa, ta matsa baya.

Ya kira Malam Illa a gigice, ya ce aljanar ba ta fita ba.

"Ta fita, Injiniya," Malam ya ce. "Wannan 'yarka ce. Duk abin da ka faɗa a falon nan, tana ji."