Juyin Nomau

Rigunan suka farka a tare, kamar yadda suke yi kowace safiya. Wani siririn haske ya bi ɗinkinsu daga wuya zuwa idon sawu, sai ɗaliban da ke jere a zauren horo suka ɗaga gorunansu. Gora dai ita ce sandar nan mai kauri da kakanni suka yi kiwo da faɗa da ita, amma a birnin Dutsen Rana ta zama wasa mai gasa da kofi da dubban 'yan kallo. Babu malami a gaban ɗaliban. Ƙafa ta taka, ƙugu ya murɗa, gora ta tsaga iska, duk a lokaci guda, har ka rantse mutum ɗaya ne ya shiga tsakanin madubai.

Sunan rigar Gado. An saƙa ta da zaren lantarki mai laushi da ke manne wa fata, yana aika ɗan tsikari cikin tsoka, ya ja hannu ya kai shi inda ya kamata. Cikin 'yan watanni jiki ya haddace, sai a tuɓe rigar, motsin ya zauna daram. Abin da magabata suke koya da zagi da targaɗe har furfura ta fara leƙo musu, yanzu yaro yana gyangyaɗi ma yana koyonsa. A jikin bango kuma akwai Alƙali, na'ura mai ido da murya, wadda ke gwada motsin kowa da na asali ta ba shi maki.

Na asalin kuwa motsin Baba Nomau ne, tsohon gwanin da ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Wanda ya ƙera rigar ɗansa ne na fari, Injiniya Tanimu. Shi Tanimu gora ba ta taɓa zama a hannunsa ba. In ya ɗaga ta, wanda ke bayansa ne ke cikin haɗari. Uban bai taɓa yi masa faɗa a kan haka ba, kuma wannan ya fi faɗan zafi. Ga kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ya kira, sai dai ya ce "kai" ko "Injiniya". Shi ya sa Tanimu ya ƙudura cewa tunda hannunsa ya kasa ɗaukar gadon, zai sa gari guda ya ɗauka. Ya kuwa yi. Kamfanin Tsinkaya ya sayi aikin, ya buɗe zaure a kowace unguwa, ya buga hoton tsohon a jikin jiragen igiya da ke shawagi tsakanin benaye.

A hoton, Baba Nomau yana tsakiyar salon da ya yi suna da shi. In sara ta taho ta gefen hagu, sauran 'yan gora ɗaga hannu suke yi su tare. Shi kuwa sai ya sauke kafaɗa, ya karkace jiki, ya zille ta ƙarƙashin sarar ya ɓullo a bayan mutum. Juyin Nomau ke nan, kuma babu abin da alƙalan gasar salo ke zuba wa maki kamarsa.

A safiyar nan Tanimu ba ɗaliban yake kallo ba. Yana tsaye gaban gilashin ofishinsa yana maimaita hotunan gasar bana. Wani Jatau, manomin rake daga ƙauyukan bakin kogi inda rigar ba ta kai ba, ya shigo gasar da salo mara kyan gani, yana sara kamar mai faskare. Amma duk ɗan birnin da aka haɗa shi da shi, sai an ɗauke shi a kan gadon asibiti. Kuma wuri ɗaya yake dukansu, bisa kunnen hagu. Yakan yi kamar zai sara, ya ɗan dakata, su juya, ya tarye su a tsakiyar juyin. Saura mutum ɗaya tsakaninsa da kofi, Korau, ƙanen Tanimu, wanda aka fara gwada rigar a jikinsa. A wasan ƙarshe kuma ba a sa hular kariya, rawani kawai ake naɗawa, don haka aka gada.

Tanimu ya tsayar da hoton, ya ja shi baya, ya sake. Babu ɗaya daga cikin waɗanda suka faɗi da ya ɗaga hannun hagu ya wuce kafaɗa. Ko sau ɗaya.

Sai ya tuna ranar ɗaukar motsin. Tsohon yana tsaye da wayoyi a jiki, almajiransa na da sun cika zauren, manyan kamfani suna zaune a gaba. Duk sa'ad da ya zo juyin, layin da ke auna tsokar kafaɗar hagu sai ya yi tsalle a kan allo. Tanimu ya ɗaga murya a gaban kowa ya ce, "Baba, akwai inda ke maka ciwo?" Tsohon ya dube shi ya ce lafiyarsa lau. Tanimu ya ɗauka hayaniyar waya ce, ya goge tsallen, ya bar juyin tsaf.

Da la'asar ya sauka tsohuwar unguwa, inda benaye suka tare rana har shuka ba ta yi. Ya tarar da uban yana shirin fita masallaci. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya tsaya yana kallo tsohon na sa babbar riga. Hannun dama ya fara shiga. Sannan ya sauke kafaɗar hagu, ya karkace jiki, ya zille cikin rigar ya ɓullo ta wuya. Tun Tanimu yana rarrafe yake ganin wannan, bai taɓa gane abin da yake gani ba.

"Baba, hannun nan ba ya ɗaguwa," in ji shi a hankali.

"Wa ya gaya maka?"

"Na gani. Yanzu mu biyu ne, ba kowa. Don Allah ka gaya min."

Tsohon ya gyara wuyan rigarsa. "Wani Bagobiri ne ya karya ta, tun ba a haife ka ba. Ta ɗoru a karkace. Uwarka ma har ta rasu ba ta sani ba."

"To da na tambaye ka ranar nan fa?"

"A gaban mutane ka tambaye ni, Injiniya. A gaban yaran da na koyar, da waɗanda ubanninsu suka yi ta neman inda za su same ni. Ɗan gora ba ya nuna wurin ciwonsa, ko ga matarsa. In da gora ta zauna a hannunka, da ka san ba a wannan tambayar."

Maganar ta shige shi har ƙashi, amma ya haɗiye. Ya ce, "To kai me ya sa ba a taɓa samunka a wurin ba?"

"Ni na san akwai rami a wurin, idona kullum yana kai. Kuma kafaɗar ce ke gaya min. In sara ta gaskiya ce, kafaɗar tana min zogi kafin sarar ta iso, sai in juya. In ta ƙarya ce, sai in tsaya." Ya ɗauki carbinsa. "Su yaranka me ke musu zogi?"

Babu. Da hannunsa Tanimu ya goge tsallen nan na kan allo.

Daga nan ya wuce wajen shugaban kamfanin, wani mai fara'a da ba ya ƙin kowa a baki. Ya saurare shi har ƙarshe, ya yi masa godiya, ya ce za a duba bayan gasa. Juyin nan shi ne tambarinsu, in ji shi, ba a cire tambari ana tsakiyar kasuwa.

Da ya gaya wa Korau kuwa, dariya Korau ya yi. Yana zaune a ɗakin shiri ana shafa masa mai, ya ɗaga hannun hagu har sama ya kaɗa. "Yaya, ga shi nan. Lafiyarsa lau."

"A zaune yana ɗaguwa. Tashi."

Tanimu ya ɗauki wata gora ya kawo masa sara ta hagu, sarar da ko akuya ba za ta kora ba. Kafin Korau ya yi tunani, kafaɗarsa ta sauka, jikinsa ya karkace. Suka sake. Ya cije baki, ya yi niyyar tarewa, jikin ya sake juyawa. A karo na gaba dariyar ta ɗauke.

"Ka janye," in ji Tanimu. "Ka ce zazzaɓi ne. Zan gyara rigar, baɗi ka dawo."

"Na tsallake gorarsa, Yaya."

Wannan ma al'ada ce. Mai ƙalubale yakan ajiye gorarsa a ƙasa a gaban jama'a, wanda ya tsallake ta ya amsa ke nan. Wanda ya tsallake ya fasa, makaɗa ba sa sake buga takensa, kuma ba a sake ambaton gidansu a fili. Korau ya ce, "Sunan Baba ne a ƙasa, ba nawa ba. Kai ka sa min wannan abu a jiki, yanzu kuma kana so in ce wa duniya na Baba ne ba shi da kyau?"

Tanimu ya ji haushin ƙanen, ya ji na uban, ya fi jin na kansa.

Ranar wasan filin ya cika har rufin gilashi. Ƙananan na'urori masu fukafukai suna yawo suna ɗaukar hoto, makaɗa na gefe da kalangu, don har yau ba a ƙera injin da ɗan gora zai yarda ya buga masa take ba. Baba Nomau na zaune a layin gaba, ya naɗe hannaye. Turmin farko Korau ya yi kyau, ya riƙa kewayawa yana ɓoye gefen hagu, har ya sami Jatau a haƙarƙari. Tanimu ya fara jin ɗan sanyi a ransa.

A turmi na biyu Jatau ya matse shi a jikin igiya, ya ɗaga gora ta hagu, ya dakata. Tanimu ya ga abin da ba wanda ya gani. Korau ya yi ƙoƙarin ɗaga hannu ya tare, hannun ya taso rabi, sai jikin ya ƙwace ya shiga juyin. Bai tare ba, bai zille ba, ya tsaya a tsakani da kai a buɗe. Ƙarar ta kai har layin baya. Kalangu ya yi shiru.

Korau bai mutu ba. Likitoci sun ɗinke abin da ke ɗinkuwa, suka ce zai yi tafiya, amma magana sai abin da Allah ya yi. Yana kwance yana bin mutane da ido, bai san wanda ya fi wani ba. Jatau ya zo dubiya da rake a kafaɗa, ya durƙusa gaban Baba Nomau yana hawaye, tsohon ya sa masa albarka. Kamfani kuwa ya fitar da sanarwar jaje mai daɗin karantawa, a ƙarshenta aka tallata sabuwar hular kariya mai kauri ta gefen hagu.

Bayan kwanaki Baba Nomau ya kira ɗansa na fari, ya ce ya kai shi zauren horo. Suna shiga suka tarar da ɗalibai a jere, rigunan na haske. Tsohon ya taka har gaba, ya tuɓe babbar rigarsa da ta ciki, ya tsaya da kafaɗarsa a waje, karkatacciya, da ƙullin ƙashi kamar dunƙulen hannu. Tanimu ya sunkuyar da kai. Ya san abin da wannan ya ci wa uban, ya san da a yanka shi ya fi masa sauƙi.

"'Ya'yana, ku duba," in ji tsohon. "Ni ne Nomau. Abin da kuke yi ba salo ba ne, gurguntaka ce. Hannuna ne ba ya ɗaguwa, naku kuwa lafiyarsa lau. In sara ta taho ta hagu, ga yadda ake yi."

Ya karɓi gora daga hannun wata ɗaliba. Ya fara ɗaga hannun hagu, a hankali, gumi na keto masa, haƙoransa a datse, har ya kai shi inda bai kai ba tun yana saurayi. Gorar ta tsaya bisa kunnensa tana rawa.

Idon Alƙali ya juyo daga bango ya sauka a kansa. Muryar ta fito a natse, mai ladabi, irin wadda Tanimu ya zaɓa mata da kansa.

"Kuskure. Wannan ba salon Nomau ba ne. A sauke kafaɗa, a sake."

Wasu daga cikin ɗaliban suka dubi tsohon, suka dubi allon maki, aka ji ɗan murmushi a layin baya. Wani ya ce a ba Baba kujera, ya gaji. Tanimu ya buɗe baki zai yi magana, amma lokacin darasi ya riga ya shiga. Hasken ya bi ɗinkin rigunan, kafaɗun hagu suka sauka a tare, zauren gaba ɗaya ya karkace ya juya, ya bar tsohon shi kaɗai a tsaye da hannu a sama.