Sandar da Ba Ta da Suna

Ana gab da magariba, inuwar katanga ta gama cinye tsakar gida, Injiniya yana zaune a bakin ƙofa da tsohuwar laftof ɗin matarsa a cinya. Suna ne kawai Injiniya, gyaran rediyo yake yi a bakin titi. Wata uku ke nan da ya zuba wa laftof ɗin manhajar nan ta kyauta, wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara. Komai ya tashi, ban da sauti. Shi kuwa sautin yake nema, domin a ciki akwai muryar marigayiya matar tasa, minti huɗu da ta ɗauka shekara bakwai da suka wuce, bai taɓa ji ba. Ya kwafe a waya, ta fito shiru.

Sau biyu 'yarsa ta tsaya a kansa tana son magana, sau biyu ya ɗaga mata hannu bai ɗago kai ba. Yayarsa, wadda yarinyar ke kira Gwaggo, ta ce daga madafa, wanda ya bar mai rai yana lallashin ƙarfe ai sai addu'a.

Wani a zauren masu amfani da manhajar a intanet ya rubuto masa ya buɗe baƙin allo, ya kira ma'aunin sauti. Sanduna suka fito a jere, kowace da sunanta, kowace a kulle. Biyu aka ce ya buɗe. Da yake kunnen ƙashi ne da shi, ya bi su duka. Ta ƙarshe ba ta da suna. Ya buɗe ta, ya ɗaga ta har ƙarshe.

Sifika ta ja numfashi irin na mai barcin da aka taka. Dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki, wani ya biyo, na uku ya fasa randa. Yarinyar ta saki kofin da take wankewa. Bakinta yana motsi, babu abin da ke fita.

Kwana uku, kullum rana ta faɗi sai jifa. Duk sanda ya kai yatsa kan muryar matarsa, yarinyar sai ta riƙe wuya tana kakari. Gwaggo ta daina yi masa magana. A rana ta huɗu ta kawo Malam, wani dattijo mai ƙaramar murya, wanda bai ko zauna ba ya fara karatu.

Da karatun ya yi nisa yarinyar ta miƙe zaune, ta nuna laftof ɗin, muryar tsoho ta fito daga bakinta.

"Shekara bakwai ina cikin akwatin nan. Kango ne, ba mai motsi. Wannan ya ɓalle mini ƙofa ba sallama."

Malam ya ce gidan mutane ne, ya tattara ya fita. Aljanin ya yi dariya, ya zagi Injiniya da sana'arsa, ya ce ba inda za shi. Malam ya ɗaga murya. Jikin yarinyar ya ɗauki rawa, can sai abin ya sauko.

"Zan tafi, amma ba hannu rabbana ba. Da murya ɗaya zan fita daga gidan nan. Ko ta cikin akwati, ko ta wannan."

Injiniya ya durƙusa. "Malam, roƙe shi. Minti huɗu ne. In ji sau ɗaya."

"Ji mana," in ji aljanin. "Kowane minti, shekara ɗaya tana bebiya."

Abin kunyar da zai bi Injiniya har kabari shi ne, sai da ya yi lissafi a ransa: sha huɗu take, za ta yi magana a sha takwas. Gwaggo ta gani a fuskarsa.

"Allah wadaranka," ta ce a hankali.

Ya jawo laftof ɗin. Ya sauke sandar nan marar suna, ya kulle ta. Ya goge muryar matarsa, na'urar ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce ya tabbata. Yarinyar ta yi atishawa sau uku, ta kwanta. Jifa ya tsaya.

Malam ya ɗauki takalmansa ya fita. Injiniya yana zaune yana kallon allon, hawaye na zuba, yana jin haushin kowa har da kansa. Sai ya ji an yi magana a bayansa, murya a dishe, mai ɗan ja a ƙarshe.

"Baba, ka gama?"

Ya waiwaya. Haka marigayiya take tambayarsa kowace yamma, da wannan muryar sak. Bai san yaushe muryar yarinyar ta zama haka ba, don ya daɗe bai saurare ta ba.

Ya rufe laftof ɗin. "Na gama. Me kike son faɗa mini ranar nan?"

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce ta manta.