Ƙwai Bakwai a Gidan Mawuko

Essenam tana kan 'yar kujera a tsakar gida tana tuƙa akume, wato tuwon masara, cikinta ɗan wata bakwai ya tokare mata gwiwa, sai ta ji babur ya tsaya a ƙofa. Mahaifiyarta ce, Dada Akuvi, ta taso daga Tsevie ba sanarwa, da kwandon doya a ka. Essenam ta saci kallon ƙaramin ɗakin da ke kusa da madafa, don ta san abin da ke cikinsa.

Mijinta Mawuko yana aiki ne a wata gonar kiwon macizai da kunkuru a bayan Lome. Shekara biyu da suka wuce ya nemi takardar izini ya kawo 'yan mesar rairayi biyu gida, mace da namiji, gajeru masu kauri kamar rogo, marasa dafi, kullum suna binne cikin yashi. Da farko Essenam ko ƙofar ɗakin ba ta bi. Sannu a hankali ta saba, har ita ke canza musu ruwa. Jiya da safe macen ta saka ƙwai bakwai, karo na farko, Mawuko ya yi ta zagaya tsakar gida yana dariya kamar yaro.

Ba a yi awa guda ba Dada ta shiga ɗakin neman wurin ajiye doya. Da ta ga macizan ta fito ta zauna a ƙasa, ta ce yanzu ta gane abin da ya zubar wa 'yarta cikinta na farko. Essenam ta tuna mata cewa lokacin ba a ma kawo macizan ba, amma Dada ba ta saurara ba. Mace mai ciki a gida ɗaya da maciji, wane irin ɗa ake so ta haifa?

Da Mawuko ya dawo da yamma ya durƙusa ya gaishe da Dada, maimakon ta amsa gaisuwar sai ta ce:

"Ko su bar gidan nan yau, ko 'yata ta bi ni. Zaɓi ɗaya."

Ya yi mata bayani da ladabi. Ƙwan irin wannan macijin ba ya daɗewa, mako biyu kawai yake roƙo, kuma idan aka jijjiga shi a kan babur 'ya'yan za su iya mutuwa a ciki. Dada ta ce ko kwana ɗaya ba ta bayar ba. Mawuko ya dubi matarsa, ya ga hawaye yana bin kumatunta. Ya shiga ɗakin ya fito rungume da robar ƙwan, ya nufi babur.

Essenam ta san abin da ke cikin robar nan: shekara biyu na kiwon ɓeraye don ciyarwa, da auna zafi safe da rana, da burinsa na tsayawa da ƙafarsa wata rana. Ta miƙe da ƙyar ta riƙe masa hannu.

"Mawuko, mayar da su inda suke. Ni zan bi Dada. Mako biyu ne, ba shekara ba."

"Essenam, ke ce iyalina, ba su ba."

"Na sani. Shi ya sa zan tafi."

A Tsevie ta gane ba mako biyu Dada take nufi ba. Maƙwabta suka riƙa shigowa suna jajantawa kamar an yi mutuwa, wata har ta ce duk mai kwana da maciji akwai abin da ya ɗauko. Dada ta fara zancen cewa bayan haihuwa sai dangi sun zauna a sake duba auren. Essenam ta daina cin abinci sosai, ƙafafunta suka kumbura, kanta yana sara kullum, ta ɓoye don kada a ce macizan ne.

Kowace safiya Mawuko yana tuƙo babur kafin ya wuce aiki, da abarba ko burodi mai zafi. Dada ba ta barin shi ya wuce ƙofa. Yakan gaishe ta, ya miƙa saƙon, ya tsaya rana tana dukansa har Essenam ta leƙo ta taga, sannan ya juya. Bai taɓa ɗaga murya ba. Wannan ne ya fi ci wa Essenam rai, don da ya yi faɗa da ta samu wanda za ta ji haushi.

Ranar sha uku da safe ya zo fuskarsa a sake. Ta taga ya gaya mata ƙwai ɗaya ya tsage, ya ga ɗan hanci yana leƙowa, ya ɗauki hutun kwana biyu don ya zauna kusa da su. Ta yi murmushi, ta juya za ta ɗauko masa ruwa, sai ɗakin ya yi duhu a idonta. Ta zube.

Ihun Dada ne ya shigo da shi. Bai nemi izini ba, ya sunkuci matarsa, ya tare mota a titi, Dada tana biye ba ɗankwali. A asibiti likita ta ce jini ne ya hau ƙwarai, da an ƙara awa ɗaya da uwar da abin cikin duk suna cikin haɗari. Ta tambayi abin da ke damun mai cikin haka. Dada ta sunkuyar da kai.

Kwana uku Mawuko bai bar bakin gadon ba. Shi ke fifita, shi ke ba ta koko a baki, shi ke zuwa karɓo magani. Duk lokacin da Essenam ta farfaɗo takan so ta tambaye shi wa ke yayyafa wa ƙwan ruwa, sai ya girgiza kai ya ce ta huta. Dada tana gefe tana kallo. Ta zuba kunne ta ji ko sau ɗaya ya ambaci macizansa, ko ya ce laifinta ne. Bai yi ba.

Rana ta huɗu jinin ya sauka, likita ta ce jaririn yana motsi lafiya. Dada ta yi gyaran murya.

"Mawuko, tashi ka je ka dubo halittun nan naka, kafin su shige tukwanen 'yata."

Bayan awa biyu wayar Essenam ta yi ƙara, ya kira da bidiyo. Biyar sun fito, kowanne bai fi tsawon fensir ba, suna ta cusa kai cikin yashi. Biyu sun bushe a cikin ƙwai saboda rashin ruwa. Dada ta karɓi wayar, ta riƙe ta nesa da fuska, ta daɗe tana kallo.

"Biyun nan a wuyana suke," ta ce a hankali. "Ka yafe mini, ɗana."

Ba wai ta so macizan ba ne daga ranar, har yau ba ta son su. Sharaɗi ta kafa cewa a gina musu rumfa mai ƙofa a bayan gida, Mawuko ya gina cikin mako guda. Ita da kanta ta rako Essenam ɗakinta, ta zauna har aka haifi 'ya mace lafiyayya, aka sa mata suna Dzifa. Ranar fitar da jaririya wata maƙwabciyar Tsevie ta fara tsohon zancenta, Dada ta katse ta, ta ce wanda bai ga surukinta a bakin gadon asibiti ba ya kama bakinsa.

Tsoron iyaye daga ƙauna yake fitowa, amma idan bai tsaya ya saurari bayani ba yakan cutar da wanda ake son karewa. Da Mawuko ya mayar wa Dada magana ɗaya a ƙofar gidanta, da ƙila ya tsira da ƙwansa bakwai ya rasa matarsa. Ya haƙura, ya rasa biyu, gidansa ya tsaya.