Ruwan Zafin Injiniya

Da yammacin ranar da abin ya fara, babu wani abu a gidan da ya yi kama da mafarin wani abu. Rana ta sauka bayan katanga, inuwa ta cinye tsakar gida, kayan shanya suna rataye ba motsi. Mai gidan, wanda unguwa ke kira Injiniya ko da yake takardar gyaran rediyo ce a hannunsa, yana ɗakin baya tsakanin kwamfutoci biyu da ya harhaɗa da kansa.

Gyara ce sana'arsa, amma abin da ya ɗauke masa hankali daban ne. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, kamfani kan ƙayyade mata gudun da za ta yi. Injiniya ya ɗauki wannan a matsayin shawara kawai. Yakan shiga saiti ya ƙara mata gudu, ya ƙara mata wuta, ya zauna ya ga ko za ta jure. Rana ɗaya ya sayi guda biyu, shago ɗaya, lamba ɗaya. Ta farko duk abin da ya ɗora mata sai ta ɗauka ba gunaguni. Ta biyu kuwa da ya matsa mata sai ta ɗau zafi, allo ya yi shuɗi, komai ya tsaya cak. Ya san dalili sarai. Shi da bakinsa yake gaya wa kwastomomi cewa ko daga faranti ɗaya aka yanko su, kowace da iyakarta, sa'a ce kawai. Sai dai bai ga dalilin da zai sa wannan ta shafi tasa ba.

Don haka ya haɗa wa ta biyun tiyo, ruwa yana zagaya ta yana kwashe zafi. Ran nan ruwan ya yi zafi har ya gaza aikinsa. Ya tsiyaye shi a bokiti, ya fita, ya sheƙa shi a rariya daidai lokacin da ladan ya ɗaga murya.

"Da magariba, Injiniya?" in ji matarsa daga bakin kicin. "Ko bisimilla ba ka yi ba."

"Ruwan da bai isa ya dafa ƙwai ba," ya ce, ya koma ciki.

A kusurwar ɗakin nan teburin autarsu yake, inda idonsa zai riƙa kai gare ta. Yayarta likita ce, ta ci jarrabawar shiga jami'a tashi ɗaya. Auta ta zauna wa jarrabawar ta faɗi, ta sake ta faɗi, yanzu tana shirin sake zama. Kowace faɗuwa, uban yakan ƙara mata malamin darasi, ya rage mata barci. Ba ya duka, ba ya zagi. Abin da yake cewa kawai shi ne, "Ai yayarki a shekarunki," sai ya bar sauran a iska.

Washegari da magariba duwatsu suka fara sauka a kan kwanon rufi. Ɗaya, sai shiru mai tsawo, sai wani. Injiniya ya ce ƙarfe ne yake hucewa bayan zafin rana. Da safe matarsa ta share tsakuwa cikin tafin hannu ta ajiye masa kusa da kofin shayi. Bayan haka sifikar kwamfuta ta biyu ta soma wani numfashi, a hankali, kamar na mai ciwon da ba ya son a sani. Ya ce tashar rediyo ce take kutsowa. Ya zare waya, numfashin bai daina ba. Ya ce lalle tashar tana da ƙarfi.

Gidan ya koma magana ƙasa-ƙasa. Da rana ta karkata, kowa yakan sami dalilin zama kusa da wani.

Sai wata magariba Auta ta tashi daga teburinta, ta kai bakin ƙofa, ta zube. Da suka ɗago ta, idanunta a buɗe suke, amma ba su take kallo ba. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsoho ce, mai kauri, mai gajiya.

"A kashe fankar nan."

Injiniya ya kashe kwamfutar, fankarta ta tsaya. Shi ne karo na farko da ya bi umarni a ɗakin ba tare da neman hujja ba.

Malamin da matar ta kirawo dattijo ne marar hayaniya, ya zo bayan salla da tabarau a goshi. Ya zauna gefen tabarmar da aka kwantar da yarinyar, ya yi karatu mai tsawo, har duhu ya gama cika tagar. Jikinta ya ɗauki rawa, sannan ya lafa.

"Kai bawan Allah, wane ne kai, me ya kawo ka?" in ji Malam.

"A rariya nake, Malam, tun kafin a yi ginin nan. Ina kishingiɗe ya watsa mini ruwa."

"Ya ƙona ka?"

"Bai ƙona ni ba. Raini ne ya dame ni."

"To ga shi zai ba ka haƙuri. Yarinyar fa, me ta yi maka?"

Uwar ta damƙe bakin mayafinta.

"Ba ta yi komai ba. Na shigo ne in hukunta shi da ita, sai na tarar an riga ni. Malam, na zauna a kango, na zauna a tsohuwar rijiya, ban taɓa zama wuri mai zafin kan yarinyar nan ba. Ba ta barci. In ta rufe ido sunayen ƙasusuwa ne ke yawo. Ni kaina ban runtsa ba tun da na zo."

"To fita mana."

"Ina so. Amma in na fita yau, me zai same ta gobe? Sai an yi mini alkawari."

Malam ya ce ba a ciniki da mai kutse, amma ya gyara zama ya saurara. Sharaɗi biyu ne. Na farko, a mayar da na'urar kan gudun da aka ƙera ta da shi, gurnaninta har rariya yake kaiwa. Na biyu, yarinyar ba za ta sake zama wa jarrabawar nan ba, sai in ita ta nema da bakinta.

Injiniya ya amince da na biyun bayan ɗan jinkiri. Na farkon ya fi ba shi wuya.

"Saura ƙiris ta kamo 'yar'uwarta," ya ce a hankali. "In na ƙara wuta kaɗan..."

Kan yarinyar ya juyo gare shi, a hankali ƙwarai.

"Kai ne kake gaya wa mutane kowace da iyakarta. Ina jin ka ta rariya."

Injiniya ya tashi, ya kunna kwamfutar, ya mayar da komai yadda kamfani ya tsara. Fanka ta sauke murya. Malam ya ci gaba da karatu, Auta ta yi atishawa, yatsan ƙafarta ya karkaɗa, jikinta ya saki. Ta buɗe ido ta ce, "Mama, barci nake ji." Aka bar ta ta yi, har rana ta yi tsaka ba wanda ya taɓa ƙofar.

Har yau Injiniya yana cewa gajiya ce da ƙarancin jini, kuma wataƙila yana da gaskiya. Bisimillar da yake yi a bakin rariya, in ji shi, ba ta rage wa kowa komai. Furosesa ta biyu ba ta sake tsayawa ba. Auta tana karatun zanen gine-gine, ta yi ƙiba kaɗan.

Sau ɗaya kawai, wata magariba suna cin abinci, bakinsa ya zame.

"Ai yayarki a shekarunki..."

Tsakuwa guda ta sauka a kan kwanon rufi, ta gangara a hankali har ta faɗo ƙasa.

"...ba ta cin abinci sosai," ya ƙarasa. "Ƙara, Auta."

Matarsa ta shigo daga tsakar gida da kayan shanya a kafaɗa, tana kakkaɓe ƙura daga hannunta.