Wuyan Rigar Fermín

Griselda ta fito daga ɗakin tukunyar dafa giya rungume da tiren kofuna, ta ɗaga kai ta duba ɗaliban ranar, sai idonta ya faɗa kan Fermín.

Yana zaune a ƙarshen dogon tebur, ya ɗora manyan hannuwansa a gwiwa kamar wanda aka kawo gaban alƙali. Kusa da shi Ludmila ce, 'yar ƙanwar mahaifiyar Griselda, ta sha jan baki, ta saƙala hannu a damtsensa.

Tiren bai faɗi ba. Gajiyar da ke jikin Griselda ta wuce ta firgita.

"Yaya," in ji Ludmila da muryar nan tata mai zaƙi, "na kawo miki ɗalibi. Jibi zai tafi aikin rijiyar mai a Neuquén. Na ce kafin ya tafi ya zo ya ga abin da ake yi da 'ya'yan itacen da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tsinka."

Jibi...

Babu wanda ya gaya mata. Garin El Bolsón da ko akuya ta yi tari sai an ji, amma wannan kowa ya kama bakinsa.

"Sannu, Siririya," in ji Fermín, bai ɗago ba.

"Sannunku da zuwa," ta ce wa teburin gaba ɗaya.

A bakin ƙofa mahaifiyarta, Doña Herminia, tana kan kujerarta ta kullum, bargo a gwiwa, ƙoƙon shayin mate a hannu. Tsohuwar ta dubi Fermín sau ɗaya, ta zuƙi shayinta da ƙarfi har bututun ya yi ƙara. Ita ta ba wa Ludmila kujerun nan biyu, Griselda ta gane haka daga yadda ta gyara zama. So take 'yarta ta gani da idonta cewa zance ya ƙare.

Zancen kuwa tsoho ne. Mahaifin Fermín da mahaifin Griselda sun yi shari'a a kan wata hanyar ruwa da ke tsakanin gonakinsu, har ƙasa ta rufe idon kowannensu ba a raba gardamar ba. Ruwan yana nan yana gudu abinsa. Doña Herminia ce ta gaji faɗan, ta riƙe shi fiye da yadda ta riƙe hoton mijin. A wurinta Fermín ɗan ɓarawon ruwa ne, ko sunansa ba ta kamawa. Amma enebro, 'ya'yan itacen nan baƙaƙe masu ƙaya da in babu su babu giyar gin, a gangaren dutsen Fermín suka fi kyau. Don haka ana saye a hannunsa, ta ƙofar baya.

Ta ƙofar bayan nan ya shigo rayuwar Griselda, kuma a nan ta bar shi shekara bakwai. In ya kawo maganar aure ta ce a bari Mama ta warke daga ciwon gwiwa. Gwiwa ta yi sauƙi, ta ce a bari baƙi su ragu. Baƙi suka ragu, gwiwa ta dawo. Namiji dai ba dutse ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, Ludmila kuwa ta daɗe tana leƙen bangon. Ita ta riƙa kai masa labarin abin da tsohuwa ke faɗa a kansa a wurin cin abinci, da yadda Griselda ke shiru tana yanka burodi. Ba ƙarya ta yi ba, abin da ya fi ciwo ke nan.

Griselda ta raba kofuna, ta fara darasi da bakin da ya saba. Ta nuna musu ƙananan kwalaben da ke jere a gaban kowa: ruwan enebro, na ɓawon lemo, na citta, na kirfa, na masoro, na furen daji. Kowanne an dafa shi daban a tukunyar jan ƙarfe an tace. Aikinsu su sunsuna, su auna da ɗan bututun gilashi, su haɗa abin da ransu ke so, su tafi gida da kwalba guda.

"Doka ɗaya ce," ta ce. "In enebro bai rinjayi sauran ba, ba gin kuka haɗa ba, turare ne."

Wani mai tumbi daga Buenos Aires ya tambaya ko an yarda a ɗanɗana tun yanzu. Matarsa ta ce tun a mota ya fara ɗanɗanawa, a bar shi ya huta. Aka yi dariya. Griselda ma ta buɗe haƙora, don yana cikin aikin.

Da aka ɗan jima hancin mutane ya fara mutuwa, kamar yadda yake yi kullum. Mai tumbi ya ce shi yanzu citta da kirfa duk warin asibiti suke yi masa. Griselda ta ce kowa ya cusa hancinsa a hannun rigarsa ya ja numfashi. Mutum ba ya jin ƙanshin kansa, ta ce, abin da ka saba da shi hancinka ba ya lissafa shi. In ka sunsuna wurin da babu komai, hanci ya huta, ya dawo sabo.

Kowa ya sunkuya cikin hannun rigarsa, ban da Fermín. Ya ɗago ya dube ta a karon farko.

Ta san abin da ya tuna. Ita dabarar nan ba ta yi mata aiki, domin wuni take a kan tukunya, kayanta duk sun sha lemo da barasa. Shekara bakwai, duk ranar haɗa giyar gidan, Fermín yana zaune kan buhu a ɗakin tukunya. In hancinta ya mutu sai ta tako ta cusa shi a wuyan rigarsa ta ulu, ta ja numfashi, ta koma aiki. Ya taɓa tambayarta me take ji a wurin. Ta ce babu komai. A lokacin dariya ya yi. Ranar da tura ta kai bango kuwa, da wannan maganar ya jefe ta.

"Hannun rigarki na zama, Griselda. Ki goge hanci ki wuce."

Tun daga ranar bai sake zama kan buhun ba. Yakan ajiye kaya a ƙofar baya lokacin da ya san ba ta nan. Tun daga ranar kuma giyar gidan ba ta sake fita daidai ba, wata ta yi ɗaci, wata ta yi lami. Doña Herminia ta ce enebron ne ya lalace, ɗan ɓarawon ruwa yana ba su na ƙasa-ƙasa. Griselda ta ci gaba da yanka burodi.

Ludmila ta cika kofinta da furen daji da ɓawon lemo, tana yi tana kai wa Fermín hanci, tana kiransa zuciyata da ƙarfi yadda na bakin ƙofa za su ji. Da ta zuba ruwa don ta sassauta ƙarfin giyar, sai abin ya yi fari fat kamar ruwan wankin shinkafa.

"Yaya, kwalabenki ba su da kyau."

"Lemo ya yi yawa," in ji Griselda. "Man ɓawon ne ya fito. In an cika son a burge, haka yake yi."

Matar mai tumbi ta ƙyalƙyale da dariya, sannan ta yi kamar tari ne.

Al'adar ajin ce a ƙarshe malama ta zaga ta sunsuna kofin kowa ta faɗi abin da ya rage. Griselda ta fara daga bakin ƙofa. Wannan a ƙara masoro, wancan a rage kirfa. Ƙafarta na ciwo, bayanta na ciwo, tun safe ba ta sa komai a ciki ba. Kafin ta kai ƙarshen tebur hancin ya mutu murus.

Fermín ya turo mata kofinsa da yatsa ɗaya.

Ta ɗauka, ta sunsuna. Babu komai, sai zafin barasa. Ta gwada hannun rigarta, lemo ne kawai. Ta sake sunsuna kofin. Mutane suna jira, Ludmila tana murmushi.

Ba ta yi shawara da kowa ba, har da kanta. Jiki ne ya yi abin da ya saba. Ta sunkuya ta cusa hancinta a wuyan rigarsa.

Ƙarar bututun mate ta tsaya.

A nan ne abin ya same ta. Ta ji hayaƙin itace. Ta ji ƙaron bishiya, da sabulu mai arha, da gumin mutumin da ya tako dutse da ƙafa. Ƙanshi sosai, kowanne daban, kamar na baƙon da ya shigo yau. Shekara bakwai ba ta ji komai a wurin nan ba, don nata ne, gida ne. Yanzu hancinta ya fara lissafa shi cikin baƙi.

Tana iya ɗagowa ta ce jiri ne ya ɗebe ta, a yi dariya a wuce. Ta san da haka. Ba ta ɗago ba.

"Griselda," in ji mahaifiyarta daga ƙofa, murya ƙasa-ƙasa. "Mutane suna kallo."

"Su kalla, Mama."

Ta ɗago da ido jajir, ba ta saki wuyan rigar ba.

"Ina jin ƙanshinka, Fermín."

"To ai ci gaba ne," ya ce.

"Ba ci gaba ba ne. Ba na so in ji. So nake ka zauna kusa da ni har in daina ji, kamar da..."

"A kan buhu?"

"A teburin cin abinci."

"Ta wace ƙofa?"

Ta juya ta dubi ƙofar gaba, inda tsohuwa ta tare da kujera. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Mama, wannan Fermín ne. Sunansa ke nan, ki fara koyonsa. Shekara bakwai muna tare, kin sani, na san kin sani. Zan aure shi in har yana so. Na gaji, Mama. Ba ni da ƙarfin faɗan ruwan da ba ni na tare ba."

Doña Herminia ta ce in ɗan mutumin nan ya shigo gidanta ta gaba, ita za ta fita ta baya, kuma ba za a sake ganinta ba.

"Ƙofar baya da matakala," in ji Griselda. "Ki bi a hankali saboda gwiwarki."

Ludmila ta miƙe tana cewa ita aka mayar 'yar rakiya, bayan ita ta tsaya masa lokacin da wasu suka yar da shi. Fermín ya zare hannunta daga damtsensa a hankali. Ya ce ya gode da rakiya, amma tun a hanya ya gaya mata sallama ya zo yi, ba biki ba. Ta ɗauki jakarta ta fita, ta bar farar giyarta a tebur. Sai da tsohuwa ta janye ƙafa ta ba ta hanya.

Fermín bai rungumi kowa ba, ba halinsa ba ne. Ya daɗe yana kallon hannuwansa. Ya ce ya riga ya sayar da dokinsa, ya kuma ba mutanen Neuquén magana. Griselda ta ce doki ana sayen wani, mutanen Neuquén kuma ba su san fuskarsa ba balle su yi kewarsa.

"In na zauna, Siririya, ba zan sake jin 'bari Mama ta warke' ba."

"Ba za ta warke ba. Likita ya faɗa tun bara."

Mai tumbi ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta, ya ce a yi haƙuri, amma har yanzu ba a faɗi abin da ya rage a kofin bawan Allah ba. Griselda ta share fuska da bayan hannu ta ɗauki kofin. Hanci ya ɗan dawo. Enebro ne zalla, bai saka komai a kai ba.

"Ba ka haɗa komai ba ai."

"Shi kaɗai na sani," ya ce. "Sauran aikinki ne."

Motar Neuquén ta tafi ranar Litinin ba da shi ba. An ɗaura auren a ofishin gari bayan an gama tsinkar enebro, hannuwan ango duk sartsen ƙaya. Doña Herminia ta je cikin baƙaƙen kaya kamar mai zuwa jana'iza, ba ta yi wa kowa murmushi ba, amma ta ci nama fiye da kowa. Ba ta fita ta ƙofar baya ba. Har yau ba ta kiran sunansa, "wancan" take cewa. Sai dai wata safiya, ana zagayawa da mate a kicin, ƙoƙon ya zo daidai kansa, ta miƙa masa tana kallon taga. Ya karɓa ya shanye, bai ce komai ba, don ya san in ya yi magana za ta fasa gobe.

Aure bai rage wa Griselda aiki ba. Bayan yana ciwo, baƙi suna zuwa duk Asabar suna cika lemo. Da sanyi ya shigo, dusar ƙanƙara ta rufe kan duwatsu, ranar haɗa giyar gidan ta zagayo. Tsakar rana hancinta ya mutu. Ta ajiye kofi, ta tako inda Fermín ke gyara ƙafar kujera, ta cusa fuska a wuyan rigarsa ta ja numfashi.

"Me kika ji?" ya ce, bai bar aikinsa ba.

Ta sake ja, don ta tabbatar.

"Babu komai, Tsohona."

"Madalla. Miƙo min gudumar can."