Dutsen Murhu a Hanyar Giwa Tazo

Almuru ta yi wa Naziru a cikin yashin da ke bayan Giwa Tazo, ga buhunan albasa a bayan tsohuwar jif ɗinsa, ga hadari yana haɗowa daga wajen Maiyama. Ya ja ƙaramar sandar giya don ƙafafu huɗu su kama, sai ta yi lakwakwa a hannunsa. 'Yar ƙusar da ke riƙe ta ce ta sake zamewa.

Ya yi tsaki, ya lalubi guduma bai gani ba. A gindin wata tsamiya ya hango duwatsu uku a jere, ya suri ɗaya ko bisimilla babu, ya shige ƙarƙashin mota da tocila a baki. Sai da ya buga ƙusar sau biyu ya lura dutsen da ɗumi. Ƙamshin daddawa kuma ya cika masa hanci, alhali babu gida ko ɗaya a kusa.

"Bawan Allah," in ji muryar wata mace, dab da ƙofar direba. "Dutcin murhuna na ka ɗauka. Tukunya ta karkace, ɗiyana ba su ci ba."

"Yi haƙuri, Inna, yanzu nika gamawa."

Ya juya kai ya haska inda take tsaye. Daga nan kwance yana ganin ƙasa ta kowane gefe: tayoyi huɗu, yashi, da sawunsa shi kaɗai.

"Miƙo," in ji ta, wannan karon a cikin kunnensa.