Ƙotar Wuƙar Mai Kabewa

A wani gari, can da daɗewa, an yi wani maƙeri gwanin ƙera wuƙa. Kowa ya zo, ƙota iri ɗaya yake yi masa. Sai ya auna da tafin hannunsa ya ce, "Tafi ɗaya, haka ƙota take."

Ran nan wata tsohuwa mai sayar da kabewa ta zo maƙera riƙe da guntun kara.

Ta ce, "Ɗana, ƙarfina ya ragu. Yi mini ƙota mai tsawon karan nan, in riƙa dannawa da hannu biyu."

Maƙeri ya yi dariya, ya jefa karan cikin wuta. Ya ce, "Haba Iya! Tafi ɗaya, haka ƙota take."

Ya ƙera mata wuƙa mai kyau, sai sheƙi take. Tsohuwa ta dubi ƙotar, ta biya, ta tafi.

Ranar kasuwa ta gamu da kabewa mai tauri. Hannun hagu bai sami wurin kamawa ba, sai ta ɗora shi a bayan wuƙar ta danna. Wuƙa ta goce, ta yanke mata jijiya, yatsun suka shanye.

Da maƙeri ya ji, sai ya ruga maƙera. Ya tona toka yana neman karan nan, ina! Sai ya kintaci tsawonsa, ya ƙera sabuwar wuƙa mai doguwar ƙota, ya kai mata har gida.

Tsohuwa ta shafa ƙotar, ta miƙa masa abarsa.

Ta ce, "Ta yi daidai, ɗana. Sai dai yanzu hannu ɗaya gare ni."